YADDA AKE SA WA MOTA FITILAR HAZO A GIDA

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, kowa ya san yadda gari yake zama tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris. Iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, leɓe ya tsattsage, ƙafa ta yi faso, rana ta fito fara fat kamar wata. Wani lokaci hazon yakan yi kauri har jiragen sama su kasa sauka a Kano ko Maiduguri. Mu 'yan makarantar kwana abin ya shafe mu ƙwarai, domin hutun ƙarshen shekara a tsakiyar hunturu yake faɗowa. Da zuwa gida da komowa makaranta duk a cikin hazo muke yinsu, kuma ranmu yana hannun direba ne, shi kuwa direba abin da idonsa ya gani da shi yake aiki. Saboda haka na ga ya kyautu in yi bayani a kan fitilar hazo, da yadda mai a-kori-kura ko jif ko babbar mota zai iya sa ta da kansa ba tare da ya jawo wa motarsa gobara ba, ko ya kashe wa wasu ido a kan hanya.

MENE NE HAZO?

Abin da muke kira hazo iri biyu ne. Na farko shi ne na ƙura. Yawancin wannan ƙura daga wani kwari take tasowa a arewacin ƙasar Cadi, sunansa Bodele, wanda a zamanin da ƙasan wani babban tafki ne da ya ƙafe. Iska takan ratso tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi da ƙarfi, ta kwashi garin ƙasar nan mai laushi, ta watso mana shi. Na biyu shi ne na ruwa, watau ƙananan ɗigon ruwa da ke rataye a cikin iska, irin wanda ake samu da asuba a kan tsaunin Jos da na Mambila, da kuma cikin fadamu da bakin kogi. Ko da yake asalinsu daban ne, ɓarnar da suke yi wa direba iri ɗaya ce.

ME YA SA MANYAN FITILU BA SU ISA BA?

Wani zai ce, ai in hanya ba ta ganuwa sai a ƙara haske. To, a cikin hazo ba haka abin yake ba. Kowane ƙwayar ƙura ko ɗigon ruwa kamar ɗan ƙaramin madubi ne. In direba ya kunna dogon haske, hasken zai miƙe sosai gabansa daidai inda yake kallo, ya bugi dubban ɗaruruwan waɗannan ƙwayoyi, su kuwa su mayar masa da shi cikin ido. Sai ya ga kamar an shanya masa farin zane a gaban mota. Duk wanda ya taɓa haska tocila a ɗakin da ake shara ya ga irin wannan.

Fitilar hazo dabara uku take da su. Na ɗaya, can ƙasa ake ɗaura ta, nesa da idon direba, don haka kaɗan ne daga hasken da ya dawo yake shiga idonsa. Na biyu, haskenta mai faɗi ne, yana bazuwa dama da hagu, ya nuna bakin kwalta da rami da mai tafiya a ƙasa ko dabba. Na uku, an yanke haskenta daga sama kamar da wuƙa, ba ya tashi ya haska hazon da ke gaban gilashi. Amma fa a sani, hasken nata gajere ne. Taimakonta ga mai tafiya a hankali ne kawai.

ZAƁEN FITILA

A kasuwa akwai fitilu iri iri, kuma ba duk mai launin rawaya ba ce fitilar hazo. Akwai masu jefa siririn haske can nesa, akwai kuma doguwar sandar nan mai jerin ƙwayaye da wasu ke kafawa a kan rufin jif. Waɗannan a cikin hazo sun fi dogon haske muni. Hanyar ganewa ita ce a roƙi mai kanti ya haɗa fitilar da batir, a haska bango. In hasken ya kwanta a faɗi, samansa a yanke kamar layi, to ita ce. In ya fito a dunƙule kamar faifai, a bar ta. Fitilun da aka yi bisa ƙa'idar ƙasashen Turai sukan zo da alamar B ko F3 a jikin gilashinsu.

Game da launi kuwa, mutane da yawa sun ɗauka rawayan haske ya fi farin ratsa hazo. A ƙasar Faransa ma doka ta tilasta wa motoci sa rawayan fitilu tun daga 1937 har zuwa 1993. Amma masana kimiyya sun nuna cewa ɗigon ruwan hazo kusan daidai yake watsa kowane launi. Amfanin rawaya shi ne bai cika gajiyar da ido ba kamar farin haske mai shuɗi shuɗi. Watau dai wurin ɗaurawa da siffar haske sun fi launi muhimmanci.

Ƙwan fitila kuma iri biyu ne aka fi samu. Akwai na halojin, wanda yawanci wat 55 yake ci, yana da araha amma yana zafi ƙwarai. Akwai na zamani da ake kira LED, wanda ba ya cin wuta da yawa kuma yana daɗewa. Kowanne mutum ya zaɓa, ya guji na banza don sauƙin kuɗi, domin araha ba ta ado.

ƊAN LISSAFI KAFIN AIKI

A nan ne darasin kimiyya da muke yi a aji yake da rana. A ɗauki wutar lantarki kamar ruwa a cikin famfo. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura ruwan, amfiya ita ce yawan ruwan da ke gudu, wat kuwa shi ne aikin da ruwan yake yi. In aka raba wat da bolt sai a sami amfiya.

A-kori-kura da jif, irin su Toyota Hilux da Land Rover, galibi bolt 12 suke aiki da shi. Ƙwai biyu masu wat 55 sun zama wat 110. A raba 110 da 12, an sami amfiya 9 da 'yan kai. Ke nan fis mai amfiya 15 shi ya dace, domin ya ɗara abin da fitilun ke ja, amma bai kai abin da zai narkar da waya ba. Manyan motoci kamar tirela da tifa yawanci bolt 24 ne. Nasu ƙwan wat 70 ne, biyu sun zama 140, a raba da 24, an sami kusan amfiya 6, fis mai amfiya 10 ya isa. Kada a sa wa babbar mota kayan bolt 12, nan take za su ƙone.

Wannan lissafi ya nuna mana wani abu kuma. Batir mai lamba 60, in ana jan amfiya 9 daga jikinsa inji a kashe, cikin awa shida da 'yan kai zai mutu murus, kuma tun kafin nan zai kasa ta da mota.

KAYAN DA AKE BUKATA

Fitilun hazo guda biyu da ƙarafan ɗaura su. Rile guda ɗaya mai ƙafa huɗu, mai ɗaukar amfiya 30. Fis da gidansa. Makunni, gara mai 'yar fitila a jiki don direba ya san a kunne yake. Wayar mota mai lamba 2.5 don ɗaukar babbar wuta, da siririya don makunni. Sai sifana, da filaya, da sukudireba, da baƙin salatif, da bututun roba na rufe waya, da 'yan igiyoyin roba na ɗaurewa, da ma'auni, da alli.

A lura da waya sosai. Akwai ta jabu wadda aka yi da farin ƙarfe marar nauyi aka shafa masa jan launi. A kankare zare ɗaya da wuƙa. In ya nuna fari a ciki, ba jan ƙarfe ba ne, kuma za ta fi saurin yin zafi.

MENE NE AMFANIN RILE?

Wasu don neman sauƙi sukan yanki wayar manyan fitilu su liƙa sababbin a jiki. Wannan ganganci ne. Kamfanin da ya ƙera motar ya auna kaurin wayar nan da makunninta daidai da kayan da za su ɗauka. In an ƙara musu amfiya 9, tamkar an ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Waya za ta yi zafi, robarta ta narke, wata rana a ga hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin sitiyari.

Rile ɗan ƙaramin akwati ne wanda a cikinsa akwai naɗin siririyar waya. In 'yar wuta kaɗan ta bi ta cikin naɗin, wadda ba ta kai rubu'in amfiya ɗaya ba, sai ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe ya rufe babbar hanya. Ta haka babbar wuta za ta bi gajeriyar waya mai kauri daga batir zuwa fitilu kai tsaye, makunnin da ke gaban direba kuwa umurni kawai yake bayarwa. Wannan yana ƙara haske ma, domin ƙwan halojin in ƙarfin wutar da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30.

In an juya rile za a ga lamba a gindin kowace ƙafa. Lamba 30 tana karɓar wuta daga batir. Lamba 87 tana kai ta ga fitilu. Lamba 86 tana zuwa makunni. Lamba 85 tana zuwa jikin mota. Wanda ya haddace wannan ya ci rabin aikin.

YADDA AKE HAƊAWA

1. A tsayar da mota a wuri mai shimfiɗa, a ja burkin hannu, a kashe inji, a zare makulli, a bari ya huce. A cire zobe da agogon ƙarfe. Kada a kusanto da taba ko ashana, domin batir yana fitar da iska mai kama wuta.

2. A kwance kan batir mai alamar debewa (−) tukuna. Dalili kuwa shi ne duk ƙarfen jikin mota a haɗe yake da wannan kai. In aka fara da mai alamar tarawa (+), sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsi zai tashi har ya ƙona hannu.

3. A ɗaura fitilun. Ƙa'idar Turai ta ce kada su gaza santimita 25 daga ƙasa, kada su wuce tsayin manyan fitilu, kuma kada su yi nisan fiye da santimita 40 daga gefen mota. A irin hanyoyinmu na karkara masu rami da duwatsu, cikin bamba ko daf da ita ya fi, don kada tudu ya fasa su. Su biyun su zama tsayi ɗaya. Kada su rufe lambar mota, kada kuma su tare iskar da ke shiga lagireto. Jif na zamani da yawa suna da gurbin da aka toshe da roba a jikin bamba, wasu har da wayarsu a naɗe a baya, saboda haka a leƙa kafin a huda komai. Kada a taɓa gilashin ƙwan halojin da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa ya mutu da wuri. A riƙe shi da tsumma mai tsabta.

4. A kafa rile kusa da batir, ƙafafunsa suna kallon ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki.

5. A ja waya mai kauri daga kan batir mai alamar tarawa zuwa lamba 30, a sa gidan fis a tsakani, kusa da batir ƙwarai, kamar taƙi ɗaya. Fis wayar da ke bayansa kawai yake karewa. In an kai shi nesa, duk abin da ke tsakaninsa da batir ba shi da mai gadi. Kada a sa fis ɗin cikin gidansa sai an gama aiki.

6. A ja wata mai kauri daga lamba 87, a raba ta biyu, kowace fitila ta sami reshe ɗaya.

7. Ɗaya wayar ta kowace fitila a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen mota. A kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli. Ta nan wuta take komawa batir, kuma galibin fitilun da ake gani suna haske dishi dishi, a nan ciwonsu yake. Haka za a yi wa lamba 85.

8. A ja siririyar waya daga lamba 86 zuwa makunni a gaban direba. A bi da ita ta cikin robar nan da sauran wayoyi suke ratsa bangon da ke tsakanin inji da mazaunin direba, kada ta goga da bakin ƙarfe. Ɗaya ƙafar makunnin a haɗa ta da wayar ƙananan fitilun gefe. Ta haka da zarar an kashe fitilun mota, na hazo ma sun mutu, ba za a manta da su a kunne su shanye batir ba.

9. A zura wayoyi cikin bututun roba, a ɗaure su nesa da salansa da fanka da fanbel. Kowane haɗi a matse shi sosai ko a like da dalma, sa'an nan a naɗe da salatif. Murɗa waya biyu da yatsa kawai ba haɗi ba ne, girgizar hanya za ta kwance shi.

10. A mayar da kan batir, a sa fis, a kunna ƙananan fitilu, a danna makunni. Za a ji rile ya yi ƙas, fitilu su kama.

In ba a ji ƙarar rile ba, a bi wayar makunni da ta lamba 85. In ya yi ƙara amma babu haske, a duba fis da ƙwai da wurin da aka ɗaure a jikin mota. In fis ya ƙone, akwai inda tsiraicin waya ya taɓa ƙarfe, sai a nemo wurin a gyara. Kada a sa fis wanda ya fi shi girma, kada kuma a cusa zaren waya ko takardar kwalin taba a madadinsa. Fis ya mutu ne don mota ta rayu.

Gargaɗi ɗaya game da sababbin motoci. Suna da kwamfuta mai kula da wutarsu, kuma wayoyin da aka lulluɓe da rawayar roba galibi na jakar iskar nan ce mai kare direba lokacin haɗari. Waɗannan ba a yanka su, ba a tsikara su. Wanda ya ga wayoyin motarsa sun fi ƙarfinsa, ya nemi ƙwararren mai aikin wayar mota, wanda ake ce wa rewaya. Matambayi ba ya ɓata.

SAITA HASKE

Fitilar da ba a saita ba, gwamma babu ita. Da dare a sami bango a wuri mai shimfiɗa, a tsayar da mota tana fuskantarsa, tsakaninsu ƙafa 25, watau mita 7 da rabi da ɗan ɗoriya. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da alli a bango daidai wannan tsayi. A ja wani layin inci 4 a ƙarƙashinsa, watau santimita 10. A sassauta noti, a sunkuyar da fitila har saman haskenta ya zauna a kan layin ƙasa, sa'an nan a ɗaure tamau. A rufe ɗaya da kwali lokacin da ake saita 'yar'uwarta.

Masu a-kori-kura su tuna, in an loda buhunan masara a baya, gindin mota yakan zauna, hancinta ya ɗaga, haske ya tashi sama cikin idon masu zuwa. Don haka a yi saitin da irin kayan da motar ta saba ɗauka.

LADABIN AMFANI DA ITA

Fitilar hazo ba ta ado ba ce. A Ingila dokar hanya ta ce ana iya kunna ta in ba a iya ganin abin da ya wuce mita 100, kuma a kashe ta da zarar gari ya washe. Wannan ma'auni ne mai kyau ko a nan. A kunna ta tare da gajeren haske, a kashe dogon.

Babban abu shi ne rage gudu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Lissafin dokar hanyar Ingila ya nuna ƙaramar mota mai gudun kilomita 96 tana bukatar mita 73 kafin ta tsaya cak, mai gudun kilomita 48 kuwa mita 23 ne kawai. Wannan fa a busasshiyar kwalta ne da burki mai kyau, mai kaya kuwa sai ta zarce haka. Wanda ba ya ganin abin da ya wuce mita 40, kuma yana gudun 96, duk abin da ya gani a gabansa ya riga ya buge shi. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take jan kunnen direbobi duk lokacin hunturu su sassauta ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. In hazo ya yi tsanani ƙwarai, a sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, a kunna fitilun gargaɗi, a jira.

A riƙa goge gilashin fitilu da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya, domin ƙura tana rage haske. Amma a bari su huce, ruwan sanyi yana fasa gilashi mai zafi. A duba fitilun baya kuma, don wanda ke biye ya san akwai mota a gabansa.

KAMMALAWA

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu ba mu kai shekara 18 da ake ba da lasin tuƙi ba, kuma babu wanda ya kamata ya taɓa motar gida sai da izinin mai ita, yana tsaye a wurin. Amma muna iya yin lissafin amfiya, mu riƙe ma'auni, mu ja layi a bango, mu karanta lambobin rile. Ta haka karatun da muke yi zai fita daga cikin littafi ya amfani gidajenmu. Iyayenmu kuma ina roƙonku da girmamawa, mai niyyar wannan aiki ya yi shi tun watan Oktoba kafin iska ta juya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kai mu gida lafiya, ya komo da mu makaranta lafiya.